Wasan Bakabe da Bakatsine a Ingila

Mako biyu muka yi a cikin jirgin ruwa daga Ikko zuwa Libaful, kuma a mako biyun nan ban ci abin kirki ba. Ni ɗan Argungu, wanda ya iya tuƙa kwalekwale tun bai iya ɗaure wandonsa ba, sai ga ni kwance ina amai kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Lokacin saura shekara guda a ba mu mulkin kai, gwamnatin Arewa tana ta tura samari waje karatu. Ni daga ofishin gona na Birnin Kebbi aka ɗauko ni, aka ce in je in koyo ilmin ban ruwa saboda shinkafar fadamarmu. Sunana Usmanu, amma a gida Manu ake ce mini.

Da muka sauka, masu binciken kaya suka buɗe akwatina suka tarar da bandar kifi da ƙullin gabu, wato busasshen ganyen albasa da muke sa wa miya. Ɗayansu ya toshe hanci, ya ɗauka da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara. Amma abin da na fi lura da shi, mutumin bai kalli akwatin sosai ba, fuskata yake kallo.

Ina da zanen Kabawa, wanda ya taso daga gefen baki ya bazu a kumatu har kunne. A gida wannan zane shi ne takardar shaidata. Ko a tsakiyar kasuwar Jega na tsaya, an san daga inda na fito, kuma ba mai taka ni. Ban taɓa tunanin wani abin kallo ne ba sai da na shiga jirgin ƙasa a Ingila, wata mata ta jawo 'yarta jikinta ta rufe mata ido.

Jami'ar da aka tura ni tana wani gari a arewacin ƙasar, gari mai jan bulo da hayaƙin kwal, inda rana take leƙowa kamar an tilasta mata. Ɗakunan ɗalibai sun cika, sai aka ba ni takarda mai ɗauke da adireshin masu ba ɗalibai hayar ɗaki, aka ce in bi su ɗaya bayan ɗaya. Na bi. Wasu sun rubuta a jikin taga cewa ba su karɓar baƙar fata, waɗannan ma na gode musu, don sun hutar da ni ƙwanƙwasawa. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu buɗe ƙofa da murmushi, su dubi kumatuna, murmushin ya bushe, su ce ai yanzun nan aka kama ɗakin. Wata tsohuwa ta tambaye ni cikin tausayi ko damisa ce ta yakushe ni. Na ce mata a'a, wanzami ne. Ta rufe ƙofa a hankali.

A kwanakin nan ne wani mutum mai na'urar ɗaukar hoto ya tare ni a ƙofar jami'a. Ya ce daga wata jarida yake, suna yi wa sababbin ɗalibai maraba, kuma in na yarda ya ɗauke ni zai haɗa ni da wata 'yar'uwarsa mai ɗaki. Na gyara kwat, na tsaya ƙyam. Ya ce in juya gefe, in daina murmushi, in ɗaure fuska. Na yi duk yadda ya ce. Adireshin da ya ba ni, da na je, wurin ajiye gawayi ne. Hoton kuwa na gan shi daga baya a tagar wani kanti, an yanke kwat ɗin an bar fuskar kawai, an rubuta a ƙasa wai mayaƙin daji. Na tsaya ina kallon fuskar ubana da kakana a tsakanin hotunan birai da giwaye, na rasa inda zan sa kaina.

Ina kwana a wani masaukin matafiya inda ake korar mutane da safe, don haka kullum da akwatina nake zuwa aji. Wata ranar Talata ina zaune a ɗakin karatu kusa da bututun ɗumama ɗaki, na ɗora ƙafa a kan akwatin, sai wani dogon baƙin mutum mai tabarau ya tsaya a kaina. Ya ce kwana huɗu ke nan yana ganina da wannan akwati, tafiya zan yi ko kuwa ban sauka ba tukuna? Na so in yi masa ƙarya, amma hawaye suka riga ni. Bai ce in yi haƙuri ba, bai tambaye ni komai game da fuskata ba. Ya sunkuya ya ɗauki akwatin da kansa ya ce in biyo shi.

Sunansa Kilifod, mutumin tsibirin Barbados, yana shekararsa ta ƙarshe a karatun likita. Ya kai ni wani tsohon gida mai hawa uku da jami'a ta bar wa ɗaliban ƙasashen waje, su suke tafiyar da shi da kansu. Gidan Baƙi muke ce masa. Akwai 'yan Gana, da 'yan Saliyo, da Indiyawa, da mutanen tsibiran su Kilifod, da 'yan Nijeriya. A bangon ɗakin cin abinci an kafa wata takarda a cikin gilashi. Kilifod ya tsayar da ni a gabanta ya ce in karanta da ƙarfi. Abin da ta ce shi ne, a gidan nan ba a wulaƙanta kowa saboda launinsa ko ƙabilarsa ko addininsa, wanda ya yi kuwa kwamiti zai zauna a kansa, ya tattara kayansa. Shi ya rubuta ta da hannunsa, bayan wani rikici da aka yi kafin zuwana har aka fasa kujeru. Ya ce, "A waje muna shan abin da muke sha. A nan ciki ba za mu shayar da juna ba. Ka yarda?" Na ce na yarda. Ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya mini, aka ba ni ɗan ɗaki a can sama.

Ina hawa matakala sai na ji an ce da Hausarmu ta gida, "Manu? Manu na ohishin gona? Mi kaka yi nan?"

Na waiga, sai ga Bulus. Na ce, "Abin da kaka yi, Malam Bulus. Sanyi nika sha."

Bulus ɗan wani malamin asibiti ne, mutanen tsaunukan Filato, Kiristoci, amma a Birnin Kebbi ya tashi. Gidansu yana kallon gidan da na yi haya a unguwar Nasarawa. Shekara uku muna gaisawa ta ƙofa, ban taɓa shiga zaurensu ba. Kowace Kirsimeti uwarsa takan aiko mini da shinkafa da nama, in karɓa in yi godiya, in an juya baya in miƙa wa mai gadin ofis. Yanzu ga shi ya rungume ni a kan matakala a ƙasar Turawa, har ya kwance mayafin wuyansa ya naɗa mini. Shi ne sakataren kwamitin gidan.

Na sami ɗaki, amma zama bai zaunu ba. A aji ba mai son a haɗa shi da ni wurin gwaji. Wani malami ya taɓa tsayar da darasi ya roƙe ni in bari ya shafa kumatuna, wai don ilmi, na bari, na kwana uku ina jin yatsunsa. A gidan ma, wurin cin abinci, 'yan'uwanmu na Kudu sun fi mu baki da Turanci. Wani ɗan Ikko mai karatun lauya kullum sai ya tambaye ni ko mu 'yan Arewa mun shirya wa mulkin kai, ko a ƙara mana shekara hamsin. Kafin in haɗa amsa a kaina an yi dariya an wuce. Ni da a Argungu in na zauna bakin gulbi mutane suke taruwa don surutuna, na zama wanda ake ce wa mai shiru. Wannan ya ci mini rai fiye da sanyin. Ina kewar warin kifi, ina kewar hayaniyar masu ɗaure buhunan albasa, ina kewar a zage ni in rama.

A watan da sanyi ya fi tsanani, wata Lahadi muna cin abincin rana, teburi ya cika, sai Bulus ya shigo da wani siririn saurayi a bayansa, yana rawar ɗari cikin wata ƙatuwar kwat. Ya gabatar da shi da Turanci, sunansa Lawal, ya zo karatun likitan dabbobi. Sannan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Manu, ga naka na kawo ma. Bakatsine na."

Wanda bai san mu ba ba zai gane abin da na ji ba. Tsakanin Kabawa da Katsinawa akwai wasa tun kaka da kakanni. In Bakatsine ya sauka Argungu fatauci, kafin a ba shi ruwa sai an zage shi tas, a ƙwace masa hula, shi ma ya rama, kuma ba zai taɓa kwana da yunwa a garin ba. Zagin shi ne marabar. Wata huɗu ina cikin mutanen da dole in auna kowace kalma kafin in faɗa, sai ga wanda Allah Ya halatta mini. Na miƙe har kujera ta faɗi, na ce, "Kai! Wa yas sako muna bawa cikin jirgi? Taho nan ka ɗauki takalmin ubangidanka!"

Idon Lawal ya kawo haske. Ya ce, "Ji ɗan banzan Bakabe mai warin kifi! Ai kakana ne ya sayi kakanka da ƙwaryar gero, har sai da aka yi mashi gyara!"

Muka rungume juna muna dariya har da hawaye. Duk teburin ya zuba mana ido, don ba su taɓa jin muryata ta tashi haka ba. Ɗan Ikkon nan ya ce mai shiru ya yi magana, a fassara musu su ma su yi dariya. Nan ne na yi wautar da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ga dama ta zo da zan nuna musu ni ma mai ban dariya ne. Na dafa kafaɗar Lawal, na faɗa da Turanci, da ƙarfi, cewa wannan bawana ne, kakanninsa bayin kakannina ne, da kwandon kifi ɗaya muka saye su, kuma daga yau shi zai riƙa goge mini takalmi. Ban fassara abin da shi ya ce mini ba, nawa kawai na faɗa, har da ƙari. Lawal kuwa baƙo ne, Turancinsa bai warware ba, bai rama da harshen da za su ji ba. Sai ya sunkuya ya zare silifas ɗina ɗaya don ya ɓoye, yadda abokan wasa suke yi. Abin da teburin ya gani shi ne sabon zuwa ya durƙusa a ƙafata.

Ba wanda ya yi dariya. Kilifod ya ajiye cokalinsa a hankali, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dube ni irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya tashi ya fita. Mutanen tsibiran suka bi shi, 'yan Saliyo biyu ma suka tashi. Na tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, ina ta cewa wasa ne, wasa ne.

Washegari na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofata, da sa hannun Bulus. Mutum bakwai sun kai ƙarata, kwamiti zai zauna ranar Asabar da la'asar a kan ko zan ci gaba da zama a gidan.

Gaskiya ba nadama na fara yi ba, fushi na yi. Na ce su wane ne su da za su koya mini al'adata? Ni da aka rufe wa ƙofofi, ni da aka sa fuskata a taga tare da birai, yau ni ne mai wulaƙanta mutane? Lawal ya fi ni damuwa, ya ce zai rantse musu da Alƙur'ani cewa a ransa babu abin da ya ji sai daɗi. Amma tsoro yana nan a ƙarƙashin fushin. In aka kore ni, ƙofofin nan zan koma, a tsakiyar sanyi, kuma labari zai kai ga masu kula da ɗalibanmu a Landan. Na ga kaina ina sauka daga mota a Argungu ba takarda, ubana yana tambayata me ya faru.

Na sami Bulus a ɗakin girki yana dafa shayi. Na ce, "Malam Bulus, kai ka san wasan ga. Cikinmu kat tashi. Ka hwaɗa musu gaskiya."

Ya ce, "Na san wasa na, Manu. Kuma zan hwaɗi haka nan."

Na ce, "To shi ke nan."

Ya ce, "Ba shi ke nan ba. Zamna." Na zauna. Ya zuba mini shayi, ya daɗe yana juya nasa. "Kai da Lawal kuna iya wasa da kalmag ga don ba a taɓa ɗaura ma ɗayanku igiya ba. Kakata tana da ƙanwa. Sun tahi ɗibar ruwa ƙasan dutse, mahaya sunka zo. Kakata tag gudu, ƙanwar ba ta gudu ba. Har kakata tam mutu, in taj ji ana Hausa sai ta shige ɗaka. Ni kau Hausa ta harshen da nika mahwalki da shi. Ka gani?"

Na ce ai ba mu ba ne, Kabawa ba su kai can ba.

Ya ce, "Ban ce ku na ba. Kuma shinkahwad da innata taka aiko ma, mun san inda taka zuwa. Mai gadin shina maido muna kwanon, shina godiya." Ya yi ɗan murmushi. "Ba ta daina aikowa ba, don ta ce wata rana za ka ci."

Na ture kofin shayin. Na tashi na fita ba sallama. Kwanakin da suka rage na yi su ina bin bayan Kilifod, shi kuwa in ya hango ni a matakala sai ya koma. Ranar Juma'a na ɗauko tsohuwar takardar adireshin nan na sake bin wasu gidaje biyu, don in rage wa kaina zullumi. Ba abin da ya sake.

Ranar Asabar aka jera kujeru a ɗakin cin abinci, a ƙarƙashin takardar nan ta gilashi. 'Yan kwamiti tara ne, amma kusan duk gidan ya zo. Lawal ya fara magana, da guntun Turancinsa, yana gumi cikin sanyi. Ya faɗi abin da shi ya ce mini game da ƙwaryar gero, wasu suka yi dariya ba su shirya ba. Bulus ya bayyana wasan tiryan-tiryan, ya ce ya gani da idonsa a kasuwar Birnin Kebbi, kuma ya shaida ban nufi Lawal da sharri ba. Ya ƙara da cewa shi kansa bai taɓa jin daɗin kalmar ba, ya faɗi dalili a taƙaice. Sai wani ɗan arewacin Gana ya miƙe ya ce su ma suna da irin wannan wasa da maƙwabtansu, har a wurin jana'iza suna yi. Wani Ba'indiye ya ce a ganinsa rashin sani ne, a yi mini gargaɗi a wuce. Na ji iska ta fara juyowa wajena, har na soma sakin jiki.

Da shugaban kwamiti ya ce ko akwai mai sauran magana, sai Kilifod ya ɗaga hannu. Bai tashi ba. Ya ce, "Na ji wasa ne, na kuma yarda. Tambaya ɗaya gare ni, Usman. Mu a wurinmu ba mu da wannan wasa, don mu ne abin da aka saya. Sunan da nake amsawa na mutumin da ya mallaki kakannina ne. Ina so in sani, a gidanku, ban da na wasa, akwai na gaske?"

Ba wanda ya san gidanmu na Argungu a ɗakin nan. Bulus bai taɓa zuwa ba, Lawal bai sani ba. In na ce babu, an gama, in hau sama in kwanta a gadona. Na buɗe baki da niyyar in ce babu. Sai Inna Alheri ta faɗo mini a rai.

Tsohuwa ce a gidanmu. Ita ta goya ubana, ita ta goya ni, ita take ɓoye mini ƙanzo in an hana ni tuwo. Ɗakinta yana can kusa da turken awaki. Zanen fuskarta ba irin namu ba ne, wasu 'yan ɗigo ne a goshi, kuma ban taɓa ganin mai irinsa a duk ƙasar Kabi ba. Ba ta da ɗan'uwan da yake zuwa gaishe ta da Salla. Na san kakana ne ya zo da ita tana ƙarama, kafin zuwan Turawa. Na sani kamar yadda na san akwai rijiya a tsakar gida, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Na ce, "Akwai." Na faɗa musu duk wannan. Na ce tun da daɗewa ba mai kiranta da wannan kalma, uwa ce a wurinmu, kuma ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa da Turanci.

Kilifod ya ce, "Yaya sunanta?"

Na ce, "Alheri."

Ya tambayi ma'anarsa, na gaya masa. Ya ce, "Wannan ku kuka sa mata. Wanda uwarta ta sa mata fa?"

Shekara ashirin da biyar ina cin abinci daga hannun matar nan. Na ce ban sani ba.

Aka fitar da ni aka yi ƙuri'a. Biyar suka ce in zauna, huɗu suka ce in tafi. Bulus ne ya zo ya gaya mini a matakala, ya kuma ce Kilifod yana cikin huɗun. Na tsira da ɗakina, amma ban ji daɗin komai ba. Wurin cin abinci mutanen tsibiran suka koma can ƙarshen teburi, ni da Lawal muna wannan ƙarshen, tsakaninmu kujeru uku ba kowa. Mutumin da ya ɗauki akwatina da hannunsa yana wuce ni kamar bango. Ni da Lawal mun ci gaba da tsokanar juna, yana ce mini mai warin kifi, ina ce masa abin da ya sawwaƙa, amma waccan kalmar ba ta sake fita daga bakina ba.

A makon nan na rubuta wasiƙa gida. Ƙanena Sani shi yake karanta wa ubanmu wasiƙa, shi yake rubuta amsa. Bayan gaisuwa da tambayar yadda shinkafa ta yi, na ce ya sami Inna Alheri ya tambaye ta sunanta na farko da sunan garinsu. A raina na ɗauka abin zai zo da sauƙi, in kai wa Kilifod suna a takarda, in wanke kaina.

Sai da ƙanƙara ta narke amsa ta iso. Rabin farko faɗan ubana ne. Ya ce ban ruwa aka tura ni koyo ko tonon asiri, wa ya taɓa cewa Inna ba 'yar gida ba ce, kada in sake. A ƙasa Sani ya ƙara nasa da ƙananan baƙaƙe. Ya ce ya tambaye ta tana tsinkar zogale. Ta ce, "Wa yas sa ka tambaya?" Ya ce Manu. Ta ajiye ƙwaryar ta yi shiru har ya gaji ya tafi. Kwana biyu ba ta ci abinci sosai ba, ana jinta tana magana ita kaɗai. A rana ta uku ta kira shi ta ce, "Hwaɗa ma Manu na nema, na nema, ban ishe shi ba. Da ya tambaye ni tun da sauran ƙarhina, wataƙila da na tuna. Ka ce mishi kar shi ji haushi."

Na karanta sau uku a tsaye a bakin ƙofa. Wai kar in ji haushi. Na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na sauka ƙasar.

Lokacin abincin rana ne. Na wanke fuska, na shiga, na wuce kujerata, na wuce kujeru ukun nan, na tsaya a gefen Kilifod. Hira ta tsaya. Na ce masa na tambaya, ga amsa. Na fassara masa kalma bayan kalma, ban rage faɗan ubana ba, ban ƙara komai a kan maganar Inna ba. Da na kai wurin da ta ce ta nema ba ta samu ba, muryata ta ƙi, sai Bulus ya taso ya karɓi takardar ya ƙarasa.

Kilifod ya daɗe yana kallon farantinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tawa kakar ma ta nema."

Ya sa ƙafa ya turo kujerar da take kusa da shi. Na zauna. Muka ci abinci gefe da gefe, ni da shi, har aka kwashe kwanuka.